Daga Badalar Kano zuwa Jingar Haɗeja, ta Hanyar Jahun

Hanya biyu ce ke kai mutum Haɗeja daga Kano. Akwai ta Gezawa da Ringim da Gujungu, wadda motocin haya suka fi bi. Akwai kuma ta Wudil da Gaya, mai ratsa Jahun da Kafin Hausa kafin ta gangara ƙasar Auyo. Ta biyun na bi da kakar bara, saboda akwai ɗan ƙanwata da zan sauke a Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, ga kuma dangi a Jahun da suka daɗe suna bina bashin zumunci. Ruwa ya ɗauke, an kai gero rumbu, hunturu bai kankama ba tukuna, amma da sassafe mutum kan ji alamarsa a fatar hannu.

Ta Ƙofar Na'isa muka fito daga cikin gari, muka bi gefen badala muka wuce Ɗan'agundi. Duk wanda ya san wurin nan shekarun baya sai ransa ya sosu. Wani wurin ganuwar ta koma tudun ƙasa da awaki ke hawa, wani wurin an yanke ta an kafa shaguna, wani wurin ko alamarta babu. Amma inda ta saura, har gobe tana da kwarjini. Yaron ya daɗe yana kallonta ta taga, can sai ya ce, "Kawu, wai da gaske mutane ne irinmu suka tara wannan ƙasar da hannu? Ni fa Halo take tuna min."

Sai da muka kai Mariri yana yi mini bayani. Halo wasan kwamfuta ne da kamfanin Bungie na Amurka ya fitar a 2001 a kan na'urar Xbox ta Microsoft. A labarin wasan akwai wasu halittu na sararin samaniya, ana ce musu Forerunners, waɗanda suka shuɗe shekara 100,000 kafin zamanin da wasan ke gudana. Su ne suka ƙera zobba 7 suka watsa su a tsakanin taurari, kowane zobe faɗinsa daga wannan gefe zuwa wancan kilomita 10,000. Duniyar nan tamu ɗungurungum faɗinta kilomita 12,700 ne da 'yan kai. Bayan zoben ƙarfe ne, cikinsa kuwa an shimfiɗa ƙasa da duwatsu da tekuna, har mutum ya yi tafiya a kai yana hango ɗaya ɓangaren ya lanƙwasa ta saman kansa. Makamai ne: an yi su don su shafe duk wani mai rai mai hankali, domin wata annoba da ke rayuwa a jikin irin waɗannan halittu ta rasa abinci.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ya ce ana gina su. Can wajen tarin taurarinmu akwai wata masana'anta mai suna Ark. A tsakiyarta an ajiye wata ƙaramar duniya, na'urori masu tashi suna gutsurar ta ba dare ba rana, da abin da suka ɗebo ake zuba sabon zobe. In an gama kuma ba a barin zobe haka nan. Kowanne yana da na'ura mai hankali da aka ɗora wa amanarsa, da rundunar ƙananan na'urori masu tsaro da gyara, inda ya tsage su liƙe, inda ya lalace su sabunta. Masu ginin sun ƙare tuntuni, masu gyaran suna nan suna aiki.

Na ce masa, to ai waɗanda suka tsara wasan nan sun san gini. Ba su ce da tsafi aka yi ba. Sun tanadi wurin ɗibar ƙasa, sun tanadi masu ɗauka, ba su kuma manta da masu yaɓe ba. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ɗora katanga ba shi ne wahala ba. Wahalar ita ce komawa kanta bayan kowace damina.

Haka ganuwar da muka bari a baya take. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ta, ɗansa Yusa ya ƙarasa. An faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17. Da Turawa suka ci Kano a Fabrairun 1903, shugabansu Lugga ya rubuta a rahotonsa cewa kewayenta ya kai mil 11, da ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta ƙafa 40. Igwarsu ba ta rusa jikin ganuwar ba, ta ƙofa suka samu shiga. Daga ina aka samo wannan uwar ƙasa? Amsar tana kwance a gefenta: gwalalon da ya kewaye ta, da kududdufan da suka cika birni. Ramin da ka gani, ƙasarsa tana cikin ganuwa ko cikin katangun gidajen unguwa. Tsakanin Gijimasu da Lugga kuwa damina ta zo ta wuce wajen sau 800, kuma babu ginin ƙasar da zai jure ko goma daga cikinsu ba tare da gyara ba. Da ruwa ya ɗauke ake raba aikin, kowace unguwa da nata kason. Ranar da aka daina wannan rabo, ranar ganuwar ta fara mutuwa, ba ranar da igwa ta yi ƙara ba.

A gadar Wudil muka fara haɗuwa da kogin da za mu bi har ƙarshen tafiya. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu can sama suka zama ɗaya, shi ne wanda in ya yi gaba ake kira Kogin Haɗeja. Masu yashi suna ta lodin jirage, masunta suna shanya koma a bakin gaɓa. A da, wannan kogi na damina ne: ya cika ya tumbatsa, da rani kuma ya ja baya ya bar rairayi. Yanzu ruwa ba ya yankewa, domin an ɗaure shi a wuri biyu. Madatsar Tiga, wadda gwamnatin Audu Bako ta kammala a 1974, tsawonta kusan kilomita 6, tsayinta mita 48. Ta Challawa a ƙasar Ƙaraye, wadda aka gama a 1992, ta kusa kilomita 8. Dukkansu biyu tulin ƙasa ne da aka daddaɓe, sai dai katafila da tifa ne suka yi aikin da kwando da kai suka yi wa ganuwa. Da ruwan Tiga ake noman shinkafa da tumatir da alkama a Kura da Kadawa da Bunkure, wannan kowa ya shaida alherinsa. Abin da ya jawo wa mutanen ƙasan kogi kuwa sai da na isa Auyo na gani da idona.

Gaya ba mu tsaya ba sai don shan mai. Na dai tuna wa yaron cewa labarin kaka da kakanni ya ce daga nan maƙeran farko, Abagayawa, suka tashi neman tama har suka sauka a gindin Dala. Ba tare da ƙarfensu ba da babu abin haƙa ramin farko.

Bayan Gaya ƙasa takan fara sauya kama. Jar ƙasa ta ja baya, rairayi ya karɓe, titi ya riƙa hawa yana sauka a hankali. Waɗannan su ne jigayin Jahun: dogayen tuddan yashi a kwance jere da juna, dukkansu sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kamar kunyoyin wata gona da ba a hango ƙarshenta. Masana ƙasa sun ce iska ce ta tara su dubban shekaru da suka wuce, a wani zamani na fari da hamada ta gangaro kudu fiye da inda take a yau, kuma inda suka fuskanta nan ne hanyar da iskar hunturu ke bi har yanzu. Da ruwa ya dawo sai ciyawa da itatuwa suka kama su suka tsayar. A kan tudu ana shuka gero da riɗi da zoɓo da kankana, ga gawo da kuka jefi-jefi. A kwarin da ke tsakanin tudu da tudu kuwa laka ce, da tafkuna, da fadamun shinkafa, da goruba da giginya a tsaye. Idan ana neman gini mafi girma a duk ƙasar nan, to wannan ne, kuma ba hannun ɗan Adam ne ya yi shi ba; ikon Allah ne, ƙwayar yashi bisa ƙwayar yashi. Su ne ma suke juya akalar kogin. Da ya shigo cikinsu sai ya rasa gado ɗaya, ya rarrabu, wani reshe ya bi ta Kafin Hausa, wani ya nufi Haɗeja, daga can kuma ya sake tarwatsewa cikin dausayin da ya kai har Nguru.

Da la'asar sakaliya muka shiga Jahun. Hedikwatar ƙaramar hukuma ce a masarautar Dutse, kuma tana cikin Jihar Kano har zuwa 27 ga Agusta 1991 da aka yanki Jigawa. Gidan ɗan baffana muka sauka, aka kawo fura mai sanyi, aka yi ta gaishe-gaishe da cigiyar waɗanda ba su zo ba. Washegari da hantsi ya ce mu zagaya bayan gida mu gai da magini, domin ruwan Agusta ya kwantar da katangar da ke wajen turken dabbobi, ana sake ɗora ta. A nan na ga abin da ya sa na rubuta labarin wannan tafiya.

Dattijo ne siriri, ya naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa. Abu na farko da ya nuna mana shi ne ƙasar ba ta wurin ba ce. Ya damƙi rairayin tsakar gida ya matse, ya buɗe hannu, ya zube. "Wannan ba ta gini," in ji shi. "Sai an gangara kwari." Amalanken shanu ne ya kawo ta daga wani rami a bakin fadama, aka farfasa, aka zuba ruwa, yara biyu suka shiga da ƙafa suna cuɗawa, ana barbaɗa ramno ana juyawa. An bar ta kwanaki tana tsima, ana dawowa ana sake jiƙawa ana takawa, har ta yi danƙo. Daga ita ake curin tubali. Ya gutsuro curi ɗaya ya mirgina shi a ƙasa da tafin hannu biyu, gindi mai faɗi, kai tsukakke, ya dangwarar da shi a layin 'yan uwansa, kafin in ƙifta ido ya kama wani. Waɗanda suka bushe suna gefe an tara, in ka ƙwanƙwasa ɗaya da ɗan yatsa sai ka ji ya amsa.

Sannan ya hau katangar ya zauna a kanta, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje. Yaronsa yana ƙasa yana cillo masa tubali ɗaya-ɗaya, shi kuma yana cafewa ba tare da ya ko duba ba, ya dasa shi a tsaye, gindi ƙasa kai sama, kusa da ɗan uwansa. In layi ya cika sai a cillo curin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya maka a tsakani, ya danna da dunƙulen hannu har ta cike kowane gurbi, ya shafe, ya ja da baya ya ci gaba. Ba igiya, ba ma'auni, ido ne kawai da tafin hannu. Gindin katangar ya ɗauki tubali da yawa a jere, tana yin sama ana ragewa, shi ya sa take tsukewa. Kuma ba a ɗora ta rana ɗaya. In an yi layi kaɗan sai a bari ya sha iska, in ba haka ba nauyin na sama ya murƙushe na ƙasa. Ya ce in an gama za a yi yaɓe, mai hali kuma ya sa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. Na tambaye shi laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Ya ce rabonsa da ganin mai yin sa tun yana saurayi.

Ɗan ƙanwata ya tsuguna ya gwada curi ɗaya, ya fito masa a karkace. Ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ganuwar Kano ma haka aka yi ta?"

"Haka dai, ɗana," in ji magini. "Ƙasa ce da ruwa da rana. Sai dai hannu da yawa."

Wani tsoho maƙwabci da ke zaune a inuwar darbejiya bai yarda ba. Ya ce mutanen da ba irinmu ba ne, Samudawa ne, mutum ɗaya kan ɗauki abin da goma ba za su ɗaga ba yanzu, shi ya sa suka iya. Ba wasa yake ba, haka ya ji daga nasa kakannin. Kuma ba shi kaɗai ba ne. A Borno da kewayen Tafkin Chadi ana ba da labarin mutanen Sau, ƙattai da aka ce su suka gina tsofaffin garuruwa masu ganuwa. A ƙasar Zazzau da wajenta, tsohuwar ganuwa da aka manta mai ita sai a ce ta Amina ce. A Turai da Amurka har yau akwai masu rantsuwa cewa halittun sama ne suka gina dalar Masar, alhali tun wajen 1990 masu tonon tarihi suka gano maƙabartar ma'aikatan a Giza, ga kuma garin da suka zauna da wuraren gasa burodinsu. A Zimbabuwe Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna musun cewa baƙar fata ne ya gina babban birnin dutsen nan, duk da binciken David Randall-MacIver a 1905 da na Gertrude Caton-Thompson a 1929 sun tabbatar da cewa 'yan ƙasa ne. Da alama in mutum ya tsaya gaban abin da ya fi ƙarfin tunaninsa, ya fi masa sauƙi ya ce wani jinsi ne ya yi.

Ban yi gardama da tsohon ba, girmansa ya wuce haka. Amma a raina ban yarda ba, kuma abin yana damuna. In muka ce ƙattai ne, mun ƙwace wa kakanninmu haƙƙin guminsu. Mun kuma rufe wata gaskiya mai ɗaci: da yawa daga cikin waɗanda suka ɗauki ƙasar nan a ka ba don suna so ba ne. Akwai aikin gayya na mutanen da ke tsoron mahara suna son garinsu ya tsira, akwai kuma aikin tilas da aka ɗora wa talakawa da bayi. Tarihi ya riƙe sunan sarkin da ya ba da umarni. Wani lokaci ya riƙe na gwani, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim, a ƙarni na 19, wanda bakunan rufinsa na azara da ƙasa har yau masana gine-gine ke zuwa kallo. Waɗanda suka taka ƙasar da ƙafa, suka cilla tubalin, babu wanda ya san sunan ko ɗaya. Sannan maganar ƙattai tana ba mu mafaka: in ba irinmu ne suka gina ba, ai ba laifinmu ba ne in ta rushe a hannunmu.

Maginin ya ce aikinsu yana ja baya. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta rusa gidajen ƙasa ba iyaka a Jigawa, duk mai ɗan hali bulo yake so da kwano, kuma shi bai ga laifinsu ba. Wanda katanga ta taɓa faɗo wa iyali cikin dare ba za ka yi masa wa'azin sanyin ɗakin ƙasa ba. Sai dai ya ce yawancin katangun da ke faɗuwa ta gindi suke ciwo, inda ruwa ke kwanciya, kuma da ana yi musu gyara duk shekara ana gyara magudana, da da yawa sun tsaya. A da, in ji shi, da an gama girbi kowane gida sai ka ga an kwaɓa ƙasa, ko ba abin da ya faɗi.

A Kafin Hausa na sauke yaron a ƙofar jami'a, wadda aka kafa a 2013. Na ci gaba ni kaɗai.

Ƙasar Auyo shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ta ko'ina. Tsohuwar masarauta ce, ɗaya daga ƙananan ƙasashen da suka riga masarautar Haɗeja ta yanzu, irin su Garun Gabas da Gatarwa da Kazura, kuma Auyokawa sun taɓa samun harshensu na kansu wanda yanzu babu mai jin sa. A nan aka tare kogi aka yi shingen da ke ba da ruwa ga aikin noman rani na kwarin Haɗeja, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. An fara aikin da daɗewa, ya yi ta tafiyar hawainiya, sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo ya buɗe shi bayan an gyara an faɗaɗa da tallafin Bankin Duniya. Na ga manyan magudanai a miƙe, an fara gyaran fili don alkama da shinkafar rani.

Na kuma ga kachala. Duk inda ruwa ya kwanta tana nan, ta fi mutum tsayi, a cushe har kwalekwale ba ya ratsawa. Wani manomi da na tsaya muka gaisa a bakin hanya ya ce lokacin ƙuruciyarsa ba ta kai haka ba. Dalilin a fili yake. Ciyawa ce mai son ruwan da ba ya ƙafewa. Sa'ad da kogi ke bushewa da rani, rana kan kashe ta, ambaliyar damina kuma ta zo da ƙarfi ta share hanya. Da madatsun sama suka mai da kogin mai gudu a hankali shekara zagaye, sai ta samu wurin zama. Saiwarta ta riƙe laka, laka ta toshe hanyar ruwa, ruwa ya bar inda ake jiransa ya faɗa gonaki da gidajen da ba a gayyace shi ba. Wasu garuruwa suna kuka da ambaliya, wasu can ƙasa suna kuka da ƙishi, duk kogi ɗaya. Cikinta kuma tsuntsayen jan baki ke kwana, su fito da safe su sauka a kan shinkafa. An gina madatsun da kyau, amma kogin da ke ƙasansu shi ma ya zama gini mai neman gyara duk shekara, kuma an daɗe ba a raba wannan kason ba. Yanzu ana sa injinan yankan ciyawa a ruwa, ƙauyuka ma suna fita gayya da lauje da adda, ruwa iya ƙirji, amma abin da aka yanke bana yakan dawo baɗi.

Haɗeja gari ne da ya san ganuwa. Sarki Sambo, wanda ya kafa mulkin Fulani a garin a farkon ƙarni na 19, ya faɗaɗa ta. A bayanta Sarki Buhari ya tsaya ya bijire wa Sakkwato a tsakiyar ƙarnin, har ya rasu a 1863. A cikinta kuma Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, aka gwabza ranar 25 ga Afrilu 1906, ya faɗi tare da manyan jarumansa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Yau gari ya cinye mafi yawan ganuwar, sai sunayen ƙofofi da ɗan abin da ba a rasa ba.

Amma Haɗeja tana da wata ganuwar mai rai, ita ce jingar da ta raba gari da kogi. Mai masaukina, tsohon abokin karatu, ya ɗauke ni a babur muka hau kanta da yamma. Dogon tulin ƙasa ce, bisanta ya isa babur ya wuce. Ta hannu ɗaya ruwa ne da kachala da masunta a kwalekwale, ta ɗaya hannun gidaje ne, wasunsu a ƙasa da inda ruwa ke kaiwa in kogi ya cika. Jikinta duk buhuna ne. Wasu sababbi, har ana karanta tambarin taki ko na shinkafa a jikinsu. Wasu rana ta cinye su sun yage, ƙasar ciki ta daskare ta zama jikin jingar. A ƙarƙashinsu kuma ga wasu tsofaffin da suka riga su. Mutum yana iya ƙirga shekarun wahala a jere, layi bisa layi.

Ya ba ni labarin Satumbar 2020 da ta 2022, sa'ad da ruwa ya zo gab da baki. Ya ce ba wanda ya jira a kira shi. Matasa suka kasu, wasu na cika buhu da shebur, wasu na ɗaurewa, wasu sun yi layi ana miƙa wa juna daga inda tifa ta juye har bakin ruwa. 'Yan kasuwa suka ba da buhuna, masu motoci suka ba da mai, mata suka yi ta aiko da abinci daga gidaje, a masallatai ana alƙunutu. Da dare ake fi jin tsoro. Akan raba jingar kashi-kashi, kowace ƙungiya da nata, suna zagayawa da tocila suna duba bayanta, ba gabanta ba, domin ruwa ba kasafai yake haurowa ta sama ba, ta ƙasa yake sulalowa, ta ramin gafiya ko ta inda ƙasa ta yi laushi. In aka ga wuri yana tsattsafowa, ruwan kuma ya fito da launin ƙasa, an san yana cin cikin jingar ke nan. Sai a yi kururuwa, kafin ka ce kwabo an taru an danne wurin. Ya ce akwai daren da ya ga malamin makaranta da mai tura baro da ɗan sarauta a layi ɗaya, ba mai iya bambance su saboda taɓo.

Na tambaye shi ko akwai wanda ya rubuta sunayen waɗanda suka yi aikin. Ya ce wa zai tsaya rubutu? Garin dai ya tsira, ƙauyuka da yawa na kewaye kuwa ba su tsira ba, mutanensu a makarantu da bakin titi suka ƙarasa damina.

Muka ci gaba a hankali, yana tsayawa yana nuna mini wuraren da ke damunsa: nan ruwan sama ya zaizaye gefe, can shanu sun mai da wurin mashaya sun tattake shi ya yi ƙasa, gaba kaɗan wani ya ɗebi ƙasa daga gindinta ya yi gini. Ya ce duk sai an cike su da rani, tun kogi yana ƙasa, domin aikin da aka yi cikin ruwa da gaggawa ba ya daɗewa. Unguwarsu ta riga ta fara tara kuɗin buhu, sun kuma kai kukansu gaba a taimaka musu da tifa da katafila, saboda akwai wuraren da suka fi ƙarfin shebur.